Adda Mai Riƙon Yara

A duk unguwarsu a Gwiwa, in za a yi wa yaro abin da ba ya so, Adda ake aika wa. Cire beli ne, allura ce, ɗura magani ne, ita ce mai riƙo. Ta iya abinta kuwa. Sai ta matse ƙafafun yaro tsakanin cinyoyinta, ta naɗe hannuwansa da zane, ta dafe goshi, kafin ya gama tsala ihu an gama aiki. Shekara arba'in tana yi, ba ɗan da ya taɓa kuɓuce mata.

Shi ya sa lamarin jikarta Shahida ya ishe ta. Bara waccan aka cire wa yarinyar haƙori a Kazaure, Adda ce ta danne ta, minti biyar aka tashi. To, me ya yi zafi? Amma tun daga ranar, ko mai farar riga ta hango sai ta faɗa ɗaki. Yanzu ga wani haƙorin tauna ya ruɓe, 'yar shekara takwas ta ɓoye ciwo wata guda cur tana cusa kanumfari, sai da kunci ya kumbura yana neman rufe ido sannan uwarta ta gane. Mai kemis ya ce a hanzarta, kumburin nan in ya gangaro wuya ba daɗi.

Adda ta yi dabara. Ta ce bikin suna za su je a Kazaure, aka sa wa Shahida kayan sallah, aka rambaɗa mata kwalli. Da suka sauka a ƙofar asibiti yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dai ɗaga kai ta dubi kakarta, ta bi ta ciki.

Likitar haƙorin wata matashiya ce, Mu'minat. Suna gama gaisawa Adda ta zaro zane daga jaka ta fara warwarewa.

"Mama, don Allah mayar da zanen nan," in ji likitar.

"Haba 'yar nan! Wannan da kike gani cizo take. Ki bar ni da aikina, ki yi naki."

"Yau ba za a riƙe ta ba, Mama."

Ikon Allah! Adda ta koma gefe tana kallon abin takaici. Likita guda, da karatunta da komai, ta ɓuge da wasan yara. Ta ba Shahida ɗan madubi ta riƙe, ta ɗaga kujera sama ta sauke, ta sake ɗagawa. Tun sassafe suka baro Gwiwa ba karin kumallo, ashe lilo suka zo yi. Ita kuwa Shahida bakin nan gam, ko ƙarafan da ke kan tire ba ta kallo. Hannuwan Adda take bi da ido.

Likitar ta sunkuya ta tambaye ta me take so a yi kafin ta buɗe baki. Yarinyar ta raɗa mata wani abu.

"Mama, ki yi haƙuri, ta ce ki ɗan jira a waje."

Adda ta ja tsaki ta fita. Ta zauna a benci, ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Yanzu za ki ji an kira ni." Ta kasa kunne tana jiran ihu. Shiru. Aka yi rabin awa ba wanda ya neme ta, haushi ya cika ta har wuya.

Can suka fito. An wanke wurin, an rubuta magani, in kumburi ya saɓe a dawo ranar Alhamis a cire. "Ta yarda za ta dawo," in ji likitar, "amma ta ce da mamanta."

A bakin titi suka tare ɗan acaɓa ya kai su tasha. Shahida ta hau tsakiya, Adda a baya. Babur ya faɗa wani rami, Adda ta yi maza ta rungumo ta kada ta faɗi. Nan take jikin yarinyar ya sandare kamar itace.

"Adda, ba zan motsa ba," ta ce da ƙaramar murya. "Wallahi ba zan motsa ba."

Adda ta sake ta. Har suka isa tasha ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta.