Watan Bakwai a Sashen Tiyatar Yara

Ranar da watan bakwai ya kama, watan da ake cewa fatalwa na yawo, Dakta Quyen ta tarar an goge sunan Diu daga allon tiyata. Jaririya ce 'yar wata biyar, ruwa ya taru mata a ƙwaƙwalwa, kai ya kumbura. In aka ƙara mako uku tana iya makancewa.

Ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba ta faɗa ofishin Farfesa Khiem, shugaban sashen, wanda ya koya mata aikin. Yana kurɓar shayi ya ce iyaye ba sa son a buɗe kan yaro a wannan wata, kuma haka ake yi tun ba a haifi Quyen ba. Ta dire masa bincikenta na shekara shida. Yara arba'in da ɗaya aka ɗage wa aiki a irin wannan wata, tara sun makance, a kowane fayil an rubuta wai iyaye ne suka roƙa.

"Ke yarinya, kin ɗan yi karatu a waje kin dawo kin raina mutanenki," in ji shi.

"Malam, wa ya taɓa tambayar iyayen?"

Ya ce mai tarbiyya ba ya tambayar abin da kowa ya sani, kunyata mutane ne. Ya ture takardun, ya ce muddin yana kan kujerar nan ba za a buga su ba.

Ta wuce ɗakin kwanciyar marasa lafiya ranta a ɓace. Tham, uwar jaririyar, tana ɗaure kaya. Quyen ta tambaye ta kai tsaye ko ita ta ce a jira. Matar ta ce a'a. An ce musu ne su dawo wata mai zuwa, ta ɗauka umarnin likita ne.

"Wace ni da musu da likita? Fatalwa ai na ajiye musu kunu da turare a bakin ƙofa, sun samu rabonsu. Ban da idon 'yata."

Tham ta sa hannu a takardar amincewa da tiyatar. Quyen ta koma ta rubuta sunan Diu a saman allo, ƙarfe bakwai na safe.

Washegari bayan aikin, Diu na barci da bandeji a ka, Quyen ta yi kiciɓis da Farfesa a baranda. Ta gaishe shi, bai amsa ba. Ita ma ba ta maimaita ba. Akwai sauran sunaye huɗu da aka goge, ta nufi wajen iyayensu.