Sunan da Kuwabara Ya So Ya Gyara

Shekarar da gwamnati ta turo mai zana taswira tsibirinmu, da ni aka haɗa shi. Wai duk garin babu wadda ta kai ni Gujii surutu, kuma ina jin yaren mutanen Yamato, can babbar ƙasa inda gwamnati take, tun zaman da na yi ina sayar da kifi a birnin Naha. Sunan mai taswirar Kuwabara, siriri mai tabarau, ga takalmi sau-ciki a kan rairayi.

Kwana uku muna zagaye. In nuna wuri in faɗi sunansa, shi kuma ya lumshe ido ya zaɓo haruffa. Rubutun nasu kowane harafi da sautinsa da ma'anarsa, to mutumin nan sauti yake bi, sannan ya tsinto mai daɗin ma'ana. Gangaren da muke kira Kashin Akuya sai ga shi a takarda ya koma Tudun Farin Ciki. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ina ruwana, akuyoyin ba karatu suka iya ba.

Rana ta huɗu muka hau tudun arewa, na nuna masa inda ruwa ke kwance lumui.

"Funiwari," na ce.

Ya yi ɗan rubutu, ya washe baki. "Iya, saurari wannan. Harafi huɗu: arziki, kirki, lumana, riba. Fu-ni-wa-ri!"

"Wai wa zai karanta abin nan ne, ɗan nan?"

"Matuƙa mana. Daga baɗi jirgin ruwan Kagoshima ta nan zai riƙa bi."

Nan take dariyata ta ɗauke. Ɗana Sanraa a jirgin nan yake zuba wa inji gawayi, can ƙasa inda ko teku ba a gani, matuƙinsu kuma baƙo ne. Funiwari a bakinmu Fasa-Jirgi ke nan. Duwatsu ne zube a ƙarƙashin ruwa, ba mai ganinsu sai ya hau kai.

"Goge. Rubuta abin da yake nufi."

"Haba Iya, ai zan sa alamar duwatsu."

"Alama kamar kashin ƙuda, ga lumana da riba ɓaro-ɓaro a gefe? Kai in ka ga haka, ina za ka nufa ranar hadari?"

"Manyanmu ba sa son munanan sunaye."

"To ka ƙara musu masu kyau. Rubuta Tarugani, mijina, a ƙarƙashin ribar. Da ƙannensa biyu. Duk suna nan ƙasa."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Can ya ja layi ya soke sunan, ya rubuta harafi biyu. "Jirgi. Fashewa. Ba kyan gani ko kaɗan."

Ni dai ban iya karatu ba, kuma mai son ado ba abin yarda ba ne. Na sa ya kwafa min a guntun takarda, na gangara bakin ruwa. Akwai wani mai tallar magani ɗan Yamato da ya sauka jiya, bai san ko'ina ba. Na miƙa masa takardar.

"Yallaɓai, gobe kwalekwale zai je nan, kifi kamar banza. Za ka bi?"

Ya duba takardar, ya dube ni. "Ke tsohuwa, me na yi miki? Ko biyana za a yi ba ni zuwa!"

Daɗi ya kama ni. Na zauna a kan dutse na fashe da kuka. Bawan Allah ya zaci shi ya ɓata min rai, ya yi ta ba ni haƙuri, har da maganin ciwon kai kyauta.