Bare a Layi na Shida

Shekara talatin da takwas na yi ina aikin lambu a gidan binciken iri. Aji uku na yi a makaranta, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Aikina ido ne. Kowace safiya ina bin layukan shuka, duk tsiron da bai yi kama da 'yan'uwansa ba in tumɓuke shi in kai wuta. Bare muke ce masa. Bare ɗaya in ƙwayarsa ta shiga buhu, irin shekara ya ɓaci. Shugabanni biyar suka zo suka tafi, ba wanda ya taɓa tsintar bare a bayana.

Sai aka ɗora 'yata a kaina.

Ita ce autata. Ta yi karatu mai yawa, ta dawo tana neman digirin da ake ce wa mutum dakta. Aka ba ta wani ɗaki mai sanyi cike da kwalabe, da layi na shida a rumfar gilashi. A kan waken fis take aiki, koren nan mai ƙwaya a dunƙule. Ba ta shuka ƙwaya kamar kowa. Ɗan ganye take yanka kamar ƙumba, ta sa a kwalba bisa wani abu mai kama da daskararren kitse. Ganyen ya kumbura ya zama ƙari, daga ƙarin nan wani ɗan kore ya leƙo. In ya yi saiwa sai ta miƙo mini in dasa a tukunya. Shekara uku tana wannan aikin.

Daga uwa ɗaya aka yanko su duka, don haka ya kamata su fito iri ɗaya. Yawancinsu haka suka fito. Bakwai suka fito a karkace: gajeru, ganye a murɗe, fure koɗaɗɗe. Ina ganinsu na kai hannu.

"Baba, tsaya!" in ji Auta. Ta riƙe mini wuyan hannu. Dogo mai ban ruwa yana tsaye da bututunsa, da wasu mata biyu masu shara.

"Bare ne," na ce.

"Su nake nema. Zaman kwalba ne ke canza wasu. Dubi sauran, farar cutar nan ta rufe su kamar an barbaɗa gari. Waɗannan bakwai ko ɗigo babu. In 'ya'yansu suka gaji haka, aikina ya tsaya da ƙafarsa. In ban samu ƙwayarsu ba, ba ni da kome. Ƙarin da ke kwalba ya tsufa, ya daina tsiro."

"Gurgu gurgu ne, ko bai yi mura ba."

"Don Allah kada ka taɓa kome a layi na shida. Zamani ya wuce inda ka sani, Baba."

Dogo ya fashe da dariya har ruwa ya zuba masa a takalmi. "Tsoho, an sa ka a aji ɗaya! Gobe ka zo da allo."

Na saki tsiron na koma aikina. Da yamma a gida ta kawo mini ruwa ta durƙusa, kamar ba ita ce ta riƙe hannuna a gaban masu shara ba. Na bar ruwan a inda ta ajiye.

Bayan mako biyu ta tafi taro na kwana huɗu. Rana ta biyu Farfesa, shugaban gidan, ya aiko cewa manyan baƙi za su zaga rumfa da hantsi, a gyara. Na zaga. Layi biyar sumul. Na shida kuwa, ga guragu bakwai a bakin hanya, inda kowa zai fara gani. Baƙo ba ya tambayar wa ke da layi. Tambayarsa wa ke kula da rumfa.

Sun fara ɗaura kwanso, amma ƙwayar ciki ruwa ce tukuna. Na tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, na ƙone, na matso da tukwane na toshe gurbin. Baƙi suka zo suka yaba. Ɗayansu ya ce bai taɓa ganin rumfa mai tsabta haka ba.

Ranar da ta dawo ko gida ba ta biya ba. Da jakarta ta shigo. Ta bi layin har ƙarshe, ta dawo, ta sake bi.

"Dogo, ina aka kai su?"

Dogo ya dubi bututunsa.

"Ni na cire," na ce.

"Ka cire ka kai ina? Ko ganye ɗaya ne, Baba, zan iya tayar da shi a kwalba. Ganye ɗaya."

Na nuna mata tokar. Ta durƙusa ta sa hannu tana tonawa da fararen kayanta. Ba ta yi kuka ba sai da ta ga ɗan ƙarfen da take rubuta lamba a kai.

"Na roƙe ka. Da bakina na roƙe ka."

"Kin umarce ni. A gaban mutane."

"Shekara uku!"

"Ni talatin da takwas."

Farfesa ya kira mu ofishinsa. Mutum ne mai taushin murya, ba ya kallon ido. Ya ce ya ji tausayi ƙwarai. Ya ce amma hoton tsire-tsiren da ta ɗauka ba hujja ba ne, ƙwaya ake so. In zuwa ƙarshen wata ba ta kawo tsiro ko ƙwaya ba, za a rufe aikin a ba mai binciken albasa ɗakin. Ya juyo gare ni.

"Baba mai lambu, ka san da maganar tsire-tsiren nan?"

Kafin in buɗe baki Auta ta ce, "Laifina ne. Ban sa alama mai kyau ba."

Wannan ya fi ƙona mini rai. Ban ce ta rufa mini asiri ba. Ba ni da asirin da za a rufa.

A gida uwarta ta ajiye mini abinci da ƙarfi har miya ta fantsala. "Ka haifi yarinya ka kuma yi kishi da ita," ta ce. "Allah ya ba ka lada." Auta kuwa ta koma ɗakin kwalabe, kullum tana ɗaga tsohon ƙari ga fitila ko zai nuna kore. Bai nuna ba. Ta rame. In mun haɗu a hanya takan ce, "Ina kwana, Baba," in amsa, kowa ya wuce.

Saura kwana tara wata ya ƙare, ni da Dogo muna janye tankin ruwa don ya daɗe yana yoyo. A bayansa akwai tukunya ɗaya da ta faɗa lungu tun ranar dashe, ruwan yoyon yana raya ta. Tsiron da ke ciki gajere ne. Ganye a murɗe, kore shar, kwanso huɗu sun fara cika.

Dogo ya dafa kai. "Kai! Na takwas! Tsoho, ashe idon nan naka yana gyangyaɗi? Wata uku bare yana zaune a bayanka yana shan ruwa!" Ya yar da abin hannunsa. "Bari in kira Dakta. Yau kowa sai ya ji."

Ya fita da gudu, yana kiranta tun daga bakin rumfa.

Na tsaya ni da tsiron. Na san abin da yake a wurinta. Ba zan ce ban sani ba. Na kuma san abin da za a riƙa faɗa daga yau: yarinya ce ke da gaskiya, tsoho ya ɓata, abin da ya tsira ma don bai gani ba ne. Dogo zai ba da labarin har ranar da za a binne ni.

Saiwarsa ba ta da zurfi. Ana ƙona ciyawa a bayan rumfa, taku goma ne.

Ta shigo tana haki, da almakashi da kwalba a hannu, fuskarta kamar ta ranar da ta fara tafiya.

"Ina yake, Baba? Ina?"

"Dogo bai gani daidai ba. Ciyawa ce."

"Wallahi ba ciyawa ba ce!" in ji Dogo. Sai ya ga tukunyar wayam.

Auta ta dubi ramin da ke tsakiyar ƙasar, ɗanye. Ta dubi hannuna. Ta ajiye kwalbar a hankali a kan benci don kada ta fashe, ta fita.

Ƙarshen wata aka cire sunanta daga ƙofar ɗakin. Ta samu koyarwa a wata makarantar sakandare mai nisa. Da uwarta take waya. Mai albasa ya ce in zubar masa da ƙasar layi na shida in wanke tukwanen kafin Litinin. Tun ranar Asabar na gama.