Kwantaccen Cikin Baiwa

"Danna sosai, Inna Shekara, kada ki ji tausayina," in ji Baiwa. Tana kwance rigingine a kan tabarma, ta sassauta zane. "Yau ji nake kamar ya juya."

Na danna. Shekara talatin ina karɓar haihuwa a Matamaye, rabin samarin unguwarmu ni na yanke musu cibi. Hannuna ya san kan ɗa, ya san diddige. A nan ba kai ba ƙafa. Wani abu ne dunƙule mai tauri, ya fi karkata hagu, shiru kamar dutsen niƙa.

"Yana nan," na ce. Allah ya yafe mini.

Darni ɗaya ya raba gidana da nata. Mijinta Manu, Nasara suka tafi da shi aikin tilas a hanyar Damagaram, bai yi wata biyu ba aka aiko da rigarsa. Tana cikin takaba jininta na wata ya ɗauke. Ta zo wurina, ni kuwa da shegen saurin bakina ban ko numfasa ba na ce, "Ciki ne. Baƙin ciki ya sa ya kwanta, in lokacinsa ya yi zai tashi." Ai kowa ya san ciki yana kwanciya. Uwata ta faɗa, kakata ta faɗa. Malamin unguwa ya ce to, mai ciki ba ta fita idda sai ta haihu, ko shekara huɗu ce ko biyar. Isufu marini ya nemi aurenta, tana kuwa son sa, kowa ya gani a idonta. Ya jira damina biyu, ya gaji, ya auro wata daga Yauri. Ban ga laifinsa ba. Baiwa ta zauna tana kaɗin zare, tana jiran ɗan Manu, a kan maganata.

A shekara ta huɗu ciki ya taso. Mata suka yi guɗa, tawa ta fi ta kowa ƙara. Amma ciki yana girma mai cikin tana ƙarewa, har munduwarta ta fara zamewa zuwa gwiwar hannu.

Ran kasuwa wani ma'aikacin likita ya zo daga Damagaram yin lambar rigakafin agana. Baƙar fata ne, dogo, Hausarsa a karye. Ni ba na shiri da mutanen nan, amma na haɗiye girman kai na kai shi gidan Baiwa. Ya taɓa cikin ta saman zane, ina tsaye a kansa. Da muka fito ƙofar gida ya rage murya.

"Inna, wannan ba ɗa ba ne. A gefen mahaifa, dama da hagu, kowace mace tana da wasu ƙwayoyi biyu, ba su fi dabino girma ba. Su ke sa jini ya zo wata-wata, a cikinsu ƙwan ɗa ke fitowa. Ta hagun ce ta yi ciwo ta kumbura."

"To jinin da ya ɗauke tun farko fa?"

"Baƙin ciki yana tsayar da shi. Yunwa ma haka."

"Babban likitanku zai iya cirewa?"

Ya dubi ƙasa. "Da bara ne, wataƙila."

Na wanke shi tas. Na ce kai da ba ka taɓa jin naƙuda ba, kai za ka koya mini cikin mace? Ya ɗauki jakarsa ya tafi, bawan Allah. Faɗan ba nasa ba ne. Abin da ya faɗa, hannuna ya riga ya gaya mini tun damina, ni ce na ƙi ji.

Kwana tara ina shiga ina fita, kullum ina ɗaga maganar zuwa gobe. Ran na goma da la'asar na kai mata kunun kanwa, ta kurɓi cokali ɗaya ta kau da kai. Na ajiye ƙoƙon. Na ji tsoro, tsoron kada ta tafi ta bar ni da wannan kaya.

"Baiwa, 'yar nan, ni na cuce ki. Babu ɗa a cikin nan. Ba a taɓa yin sa ba."

Ta juyo ta dube ni.

"Sai yau, Inna? Na zaci kabarina za ki je ki gaya wa."

"Kin sani?"

"Tun shuka. Ɗa ba ya yin shiru haka."

"To don me kike kirana kullum in danna?"

"In na daina kiranki mata za su gane. Su ce hannun Shekara ya yi ƙarya. Ga Fadima matar ƙanena ta shiga watanta, wa za ta kira?" Ta huta, numfashi yana yi mata wuya. "Kuma ba duka kika cuce ni ba. Shekara uku ina da wanda nake yi wa hira in ina kaɗi. Har suna na raɗa masa."

Ni da ban yi kuka ba ran da mijina ya rasu, sai ga ni ina share hanci da bakin zane.

"Kin yafe mini?"

"Na ɗan, na yafe." Ta ɗan murmusa. "Na Isufu ne da saura. Ba ni kwana biyu, Inna, ina ƙoƙari."

Ba ta kai ba. Washegari da hantsi, masu sussuka suna ta lugude a bayan gida, Fadima ta leƙo ta kan darni ta kira sunana, na san Baiwa ta tafi.

Ni na yi mata wanka. Da aka kawo ruwan a ƙwarya sai na ga na tsoma gwiwar hannuna ina gwada ɗuminsa, yadda nake yi wa jarirai. Ya ɗan yi zafi. Na tsaya ina surka shi da ruwan randa kaɗan-kaɗan, matan suna tsaye da likkafani suna jira.