Ɗakin da Ya Gaji Turken Awaki

Da Ruwaida ta sayar da awakinta, ta ce za ta gina ɗan ɗakin rubutu a bayan gida inda turkensu yake, mijinta Malam Izzuddeen dariya ya yi. Mai zaure guda, ina ruwansa da akurki?

Magini ya zo daga Aujara ya jera bulo, ya rufa kwano, ya bar taga mai kallon duwatsu. Ruwaida ta shimfiɗa tabarma, ta ja ƙofa.

Daga ranar dariyar Malam ta ƙare. Zaurensa hanya ce. Mai neman addu'a, mai gayyatar ɗaurin aure, har mai neman inuwa, kowa sallama ɗaya ya shigo ya miƙe ƙafa. Shekara da shekaru yana son rubuta sharhin wani littafin fiƙihu, bai wuce shafin farko ba. Ita kuwa, wane baƙo ne zai keta zaure ya shiga cikin gida? Duk sanda ya ga ƙofarta a rufe sai ya kau da kai. Ya koma kushe, wai ɗakin har yanzu warin awaki yake.

Ran nan bayan la'asar ya ɗauki alƙalaminsa, ya lallaɓa ya tsaya a ƙofarta.

"Na ce ko akwai ɗan wuri daga gefe?"

Ruwaida ba ta ɗago ba, ta dai kasa kunne. "Malam, ga sallama can ana yi a zaurenka."