Azarar Baba Ɗalha

"Isiyaku! Fito da iyalinka, katanga za ta tafi!"

Muryar maƙwabcina ce, Baba Ɗalha, ta keto ruwan da ake sheƙawa tun azahar. Na diro tsakar gida ko takalmi babu. Katangar da ta raba gidansa da nawa ta turo ciki, simintin jikinta na ɓamɓarewa, jar ƙasa na dalala. A gindinta kuwa ɗakina yake, matata Zaituna na ciki da jaririnmu.

Bara ne Baba ya gaji da yaɓen kowace shekara, ya sa aka shafe tsohuwar katangar ƙasa da siminti. Ta yi sumul, rabin unguwarmu ta Mandawari sai da suka leƙo kallo. Ashe ruwa na shiga ta sama, siminti ya hana shi fita, ƙasar na jiƙewa a ɓoye.

Sai ga tsohon ya faɗo ta zaurena yana jan azara, doguwa baƙa, yana haki.

"Kama can! Kai, ba nan ba, can sama!"

Muka tokare ta a ƙirjin katangar, ya danne gindinta da ƙafa.

"Zaituna, fito!" na kwarara ihu.

Ta fito a guje, yaron a ƙirji. Katangar ta yi ƙara, ta jingina da azarar, ta tsaya cak. Amma kanta ya gutsuro, ya sauka a gadon bayan Baba.

A asibiti suka ɗaure shi, ya ce shi gida zai kwanta. Na same shi a tabarma, numfashi sama-sama, bakin nan kuwa bai mutu ba.

"Ni na cuce ta," ya ce. "Ginin ƙasa numfashi yake, na toshe masa hanci. Azarar nan ta giginya ce, gara ba ta cin ta. Don sabon gini na saye ta. In rani ya yi ka rushe, ka ɗora tubali, ka shafe da makuba irin ta ɓawon ɗorawa. Kafin nan kada kowa ya taɓa azarar."

"Sai kun warke mu yi tare, Baba."

"Da kai? Kai da ko kunu ba ka iya damawa ba?"

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai ina zaune a tsakar gida, Zaituna ta shanya zanen goyo a jikin azarar, aka yi sallama. Wani mutum ne da ban taɓa gani ba, fari sol da shadda, igiyar awo a hannu.

"Malam Isiyaku? Garba sunana. Magada sun damƙa mini gidan, bene za mu tayar. Yau zan kwashe kayan marigayi."

Ya ƙaraso, ya ƙwanƙwasa azarar da zobensa.

"Wannan ma tasa ce, ko?"

Daga gabas hadari na haɗuwa. 'Yar ƙasa ta zubo daga tsagar katangar, ta sauka a kan takalminsa.