Motar Kyari da Hanyar Rairayi

A shekarar alif ɗari tara da tamanin da huɗu, wadda damina ta ƙi, injin motar Kyari ya buga a kan hanyar Mirya. Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa. Aka jawo ta da igiya zuwa garajin wansa Bukar a unguwar Kara-Kara ta Zinder, wata rumfar kwano a gindin bishiyar bedi.

Bukar ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da gazuwal, wato man dizal, ya jera a kan buhu. Da ya zaro arbarakam, wato sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi wadda ke buɗe wa inji ƙofofin numfashi, sai ya ga ta cinye.

"Wannan kam ta gama aiki," in ji shi.

Kyari ya ce, "To, Yaya, ba sai ka ɗauko ta cikin akwati ba?"

Bukar ya dubi akwatin da ke kusurwar rumfar. Shekara biyu da suka wuce wani Bature ɗan tseren mota ya kife a daji, ya bar masa injin ya tafi. Daga ciki Bukar ya ajiye arbarakam mai dogayen ƙusumbi, da karburato guda biyu masu gajerun bututu. Ya shafe su da mai, ya naɗe a tsumma, ya sa a akwatin. Tun ranar yake marmarin ya ji kukan da za su yi in an ɗaura su.

Kyari yana da hujjarsa. Hatsi ya ƙare a Damagaram, direbobi sun koma jigilar masara da garin rogo daga bakin iyaka, kuma hanyar kwalta ce. Wanda motarsa ke gudu shi ke yin sawu biyu a yini.

Bukar ya kwance tsumman, ya ajiye sandar kusa da wata ta gama-gari da ya samo a kasuwa.

"Duba nan. Wannan ta Baturen tana barin ƙofa buɗe ta daɗe, inji ya sha iska ya ƙoshi. In ya ɗau zafi a kwalta, babu mai ganin ƙurarka. Amma a ƙaramin gudu ba ta da ƙarfi, sai tari da kakari. Ka ɗora mata buhu goma ka shiga rairayi, nan za ka kwana. Gajerun bututun nan kuma ƙasa za su riƙa zuƙa."

"Wa ya ce zan shiga rairayi?"

"Ban ce ba. Ina gaya maka abin da ƙarfen zai yi ne."

Duk su biyu sun san hanyar da ba a ambata ba. Ƙanwar mahaifiyarsu, Inna Kulu, tana wani ƙauye bayan Guna, kuma ita ta goyi Kyari bayan rasuwar uwarsu. Tsakanin Guna da ƙauyen akwai tudun rairayi mai laushi.

Kyari ya ce a ɗaura ta Baturen. Bukar ya ce to, kuma a ransa ya ji daɗi, har ya ji kunyar daɗin. Ya fara aiki.

Bai kai ga rufe injin ba sai ga Nomau, ɗan Inna Kulu, ya shigo garajin da ƙafa. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Aka ba shi ruwa, aka gaisa, ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ce jakunan ƙauyen sun mutu, saura biyu. Manyan motocin taimako suna sauke dawa a Guna, amma ba sa iya wucewa. Mata ke ɗaukowa a ka, tsofaffi kuwa sai abin da aka rage musu.

"Inna fa?" in ji Kyari.

"Tana nan. Ta ce ba ta barin rumbun mijinta, ko da babu komai a ciki. Ta ce in gaishe ku."

"Ba ta ce wani abu ba?"

"Ta hana ni in ce."

Kyari ya tashi ya fita. Ya daɗe tsaye a bakin hanya yana kallon motocin da ke wucewa kudu. Da ya dawo, fuskarsa a murtuke take, kamar wanda aka yi wa laifi.

"Yaya, babu ta tsakiya? Wadda za ta yi gudu kuma ta ja kaya?"

"Da akwai, da kowa ita ya ɗaura. Amma zan matso maka abin da zan iya."

"Cire ta," in ji Kyari.

Bukar ya zare sandar Baturen ba tare da ya kalli kowa ba, ya sa ta gama-garin. Ya ɗauko dogon bututun iska na asali, ya zauna da sanfefa yana gyara cikinsa har ya yi santsi, don dogon bututu ke ba inji ƙarfi tun daga ƙasa. Ya sa karburato guda mai maƙogwaro biyu: na farko don tafiya a hankali da tattalin esansi, wato fetur, na biyu ya buɗe in an taka sosai. Sannan ya samo matatar iska ta tarakta, mai kwanon mai a ƙasa, ya ja mata bututu har saman rufin mota, inda ƙura ba ta da yawa. Motar ta fito da wata irin kama, kamar an dasa mata zungureriyar lofe.

Direbobin tasha suka yi ta dariya. Mai Nasara, wanda ya fi kowa sawu zuwa iyaka, ya riƙa wuce Kyari a kwalta yana ɗaga masa hannu. Abin yana cin Kyari, bai ɓoye ba.

Ranar farko da suka ɗauki dawa daga Guna, Bukar ya bi shi. Da suka iso gindin tudun, Kyari ya rage iskar tayoyi, ya yi bisimilla. Injin ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, bai yi tari ba, motar ta riƙa hawa kamar saniya na jan guga. A haka har suka hango dannin gidajen ƙauyen.

Inna Kulu ta fito tana dafa bango. Ta dubi Kyari, ta dubi buhunan, ta ce, "Kai kuma wa ya aike ka?" Sai ta juya ta shiga ɗaki, aka daɗe ba ta fito ba.

Haka Kyari ya yi rani yana zirga-zirga tsakanin Guna da ƙauyukan bayanta. Yana samun na abinci, ba fiye ba. Duk da haka ƙauyen bai tsira ba, don kafin bazara rijiyarsu ta ƙafe. Motar da ta kai dawa ita ta kwaso mutane zuwa Zinder da tukwanensu da turamensu. Inna Kulu ce ta ƙarshen hawa, bayan ta sa Nomau ya yaɓe bakin rumbun da laka.

Ta zauna a gaba, kusa da Kyari. Da suka hau kwalta ya ɗan taka, sai ta dafa masa hannu.

"Yi a hankali, ɗana," in ji ta. "Ina so in ga hanyar, don in san ta komawa."